Zanin Goyo a Gonar Sitiroberi

Tun ranar da na sa hoton nan a gurufinmu na waya ban huta ba. Wannan ta kira, waccan ta turo saƙon murya, kowa da tambayarta: wace gona ce, ta ina ake bi, da gaske ne sai an biya, kuma yaushe ni Zulai na koyi goyo? Har da mai cewa ko Jos muka gudu ba a sani ba. Na gaji da amsawa ɗai-ɗai ga yaro a hannu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta ta bar ni in yi barci. Wadda ta san farkon labarin ta yi haƙuri, akwai waɗanda ba su sani ba.

Inna, mahaifiyata, ta taso daga Gwarzo ne don ta yi mini wankan jego. A haihuwata ta fari, ta Safiyya, ba ta samu biza ba, ta waya muka yi jegon. Wannan karon ta ce ko a ƙafa ne sai ta zo. Jirginta ya sauka a Birmingham da sauran sanyi, ta ce za ta huta 'yan kwanaki a gidan yayana Auwalu da ke Aston kafin ya kawo ta wurina a Manchester. Cikin 'yan kwanakin nan aka sa dokar kulle. Na haihu ba ta nan, aka yi suna ta waya, yaro ya ci sunan marigayi mahaifinmu, muna kiransa Baffa. Inna tana da ciwon suga da hawan jini, maigidana Baban Safiyya kuwa likita ne, a ɗakin masu korona yake wuni. Likitan unguwar su Yaya ya ce kada ta kusanci kowa daga gidanmu, Baban Safiyya ma abin da ya ce ke nan, ya ƙara da cewa shi ya san abin da idonsa ke gani. Haka aka share wata uku, tana can saman bene a Aston da akwati cike da kanwa da yaji da turaren wuta, jikanta yana nan unguwarmu Withington, tafiyar da ba ta wuce Kano zuwa Zariya ba.

Sai ga labari an samu jirgin da zai kwashe masu son komawa gida, Yaya ya samar mata kujera. Ranar da ya faɗa mini na yi kuka sosai, don na ga Inna za ta zo ƙasar nan ta koma ba ta ɗora ido a kan yaron da ta zo dominsa ba. Allah da ikonsa, daidai lokacin aka ɗan sassauta doka, aka ce mutum shida za su iya haɗuwa a fili muddin sun ba juna tazara. Anti Rukayya, matar Yaya, ita ta binciko wata gona a bayan Birmingham inda ake shiga mutum ya tsinki sitiroberi da hannunsa. Da aka zo ƙirge, ni da Baban Safiyya da Safiyya, ga Inna da Yaya, ashe Baffa ma da bai fi tulu ba cikakken mutum ne a wurin hukuma. Shida cif. Anti Rukayya da ta nemo gonar ita aka bari a gida, har yau kuma tana yi mini gori.

Da sassafe muka fita. Na haɗa kaya kamar mai tafiya aikin hajji: tabarma, ruwan alwala, takunkumin fuska, man goge hannu, keken jariri. Safiyya tun a gado ta sa takalminta na roba mai ruwan ɗorawa, ta ƙi cirewa. Wata uku iyakacin tafiyata daga ɗaki zuwa kantin bakin layi, saboda haka da motar ta hau babbar hanya sai na ji kamar ranar da aka sallame mu daga makarantar kwana. Na sauke gilashi iska ta buge ni, na yi ta dariya ba dalili. Hanya fayau, sai manyan motocin kaya jefi-jefi. Baban Safiyya da ya saba yi wa direbobi faɗa a cikin motarsa ya rasa wanda zai yi wa, sai ya koma yi wa Safiyya waƙoƙin firamarensu.

Mun tsaya sau ɗaya a wurin hutun matafiya. Da a Kwanar Ɗangora ne, kafin a kashe mota an kewaye mu da dafaffen ƙwai da burodi da rake. Nan kuwa kantuna a rufe, ba mai tallan ko da gyaɗa, banɗaki kawai aka bari, shi ma an liƙe famfo ɗaya an bar ɗaya. Muna kan layi wani dattijon Bature ya yi atishawa. Kafin ya ɗago kai layin ya watse, ya tsinci kansa shi kaɗai a bakin ƙofa, yana ta ba da haƙuri ga mutanen da suka riga suka yi nisa. Na ce a raina, Allah sarki, a gida da addu'a zai samu.

Dab da Aston akwai wata mahaɗar gadoji da ta nannaɗe kanta, Turawan ma da sunan taliya suke kiranta. Na'urar nuna hanya ta ce a riƙe hagu, Baban Safiyya ya ce shi ya san wurin tun yana ɗalibi. Sai da muka zagaya gadar nan har Safiyya ta fara ɗaga wa wani allo hannu tana cewa ga shi ya sake dawowa. Ni kuwa bai nemi jin ra'ayina ba.

A filin ajiye motoci na ƙasan benen su Yaya na fara ganin ta. Na ɗauka zan ga tsohuwar da kulle ya rame, sai ga Inna ta sauko cikin farin leshi, da gwal a kunne, da jan lalle a hannu, da wata baƙar jaka a rataye a kafaɗa. Yaya yana biye da ita yana cewa gona fa za a je, ba biki ba.

"Sunan jikana na zo," in ji ta ta cikin takunkumi. "Ba a ce mini an fasa ba, ɗagawa aka yi."

Ƙafafuna suka so su ruga, na tsayar da su da ƙyar. Nan kan kwalta na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kirana Auta kamar yadda ta saba. Baban Safiyya ya tsuguna can nesa kusa da kwandon shara, kai a ƙasa, yana gaisuwa. Shi dokar tazara ba ta ƙara masa komai ba, tun ranar da aka ɗaura mana aure nisan da ke tsakaninsa da surukarsa ke nan. Yaya ma ya ce da Turawa sun tambayi Hausawa da tuni an ba su dabarar kyauta.

Baffa yana barci a kujerarsa a bayan mota, gilashi a rufe. Muka ja da baya, Inna ta matso ta leƙa. Ta daɗe tana kallo, hannunta ɗaya a jikin gilashin.

"Kunnen Malam ne sak," ta ce a hankali, tana nufin marigayi mahaifinmu. Sai kuma ta gyara murya. "To wannan ne angon nawa? Na taso tun daga Gwarzo, shi ko tashi ya tarbe ni ba zai yi ba. Da sake."

Muka yi dariya, ni ina yi ina share ido. Yaya ya duba agogo ya ce lokacin da aka ba mu a gonar zai wuce, kowa ya shiga motarsa, su a gaba mu a baya.

Da aka bar gari sai muka shiga wata siririyar hanya mai shingen ganye hagu da dama, wadda ko jaki da mangala sai ya yi dabara. A wata kwana muka yi kiciɓis da tarakta. Direbanta ya tsaya yana murmushi, mu motoci biyu muka yi ta ja da baya har muka samu ɗan lungu. Da ya zo wucewa ya ɗaga mana hannu, na hango Inna ta gilashin baya tana ɗaga masa nata da duk ƙarfinta. Daga baya Yaya ya ce tun da aka fara ganin shanu da gonaki bakinta bai rufu ba, har tambaya take wace irin shuka ce wannan, ina masu ita, me ya sa ba kowa a ciki.

Ƙofar gonar kuwa kan iyaka ce sosai, fasfo kawai ba a tambaya ba. Tebur, wata budurwa a bayansa da garkuwar roba a fuska, ta duba sunanmu a waya, ta nuna man goge hannu, ta tura mana kwanduna da tsinin sanda. An zana kibiyoyi a ƙasa, ta nan ake shiga, ta can ake fita, ba a komawa baya. Ta ce tunda gida biyu ne, kowane gida ya ɗauki layinsa, a bar layi ɗaya a tsakani ba kowa.

Inna ta tsaya cak. "Ina mai gonar?"

"Inna, ba sai an gan ta ba," in ji Yaya. "Mun yi booking, an riga an rubuta sunanmu."

"Ba a shiga gonar mutum ba a gaishe shi ba. Ni ba akuya ba ce."

Dole aka kira ta. Wata dattijuwa ce jajir, rana ta ƙona mata hanci, da takalmin roba har gwiwa, da wani kare a bayanta da ya fi wasu mutanen jin daɗi. Inna ta tattare leshinta saboda karen, sannan ta fara: sannu da aiki, ina gajiya, yaya ruwa, yaya iyali, yaya aka ji da wannan annoba, Allah ya sa albarka a damina, ya kare shuka daga tsuntsu da fari. Yaya ya juya ya ce wa matar, mahaifiyata tana gaishe ki.

Inna ta kalle shi. "Duk abin da na faɗa shi ke nan?"

Matar ba ta ji Hausa ba amma ta gane an yi mata ƙwauro, ta ce ya faɗa mata duka. Da ya fassara, sai ta dafa ƙirji ta ce rabon da wani ya yi wa gonarta addu'a tun kakarta tana da rai. Suka tsaya suna gyaɗa wa juna kai ta tsallaken tebur kamar tsofaffin ƙawaye.

Muna tafiya zuwa layukanmu Inna ta tambayi yaushe za a kawo wa 'yan gayya abinci. Ashe duk zatonta taimako muka zo yi wa matar, tunda annoba ta hana ta samun ma'aikata. Da Yaya ya yi mata bayani cewa mu za mu tsinka, mu ɗauko, a auna, sannan mu biya, sai ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Mu yi mata aiki, kuma mu biya ta?"

"Haka ake yi."

"Lallai matar nan ta fi ka sanin lissafi, kai da ka karanta shi."

To, gonar dai sai wanda ya gani. Layuka ne dogaye, shukar ba ta kai gwiwa ba, an shimfiɗa busasshen karan alkama a tsakani. Daga tsaye ba ka ganin komai sai ganye, amma kana ɗaga ganyen sai ka gan su a kwance jajawur, wasu har sun yi duhu don nuna. Ƙamshi kuwa ba irin na kanti ba ne, wannan tun daga nesa yake tarbar mutum. Wadda na fara tsinka da ɗuminta na ji ta a tafin hannu, rana ta gasa ta. Safiyya ta yi ta ihu da Turancinta na Manchester duk sanda ta samo babba, tana ɗaga wa kakarta ta gani. Baban Safiyya da ya ce shi rakiya kawai ya zo, ban ankara ba na gan shi a durƙushe yana gasa da 'yarsa.

Inna ta cire takalmi. Ta taka ƙasa da tafin ƙafarta, ta lumshe ido, ta ce wata uku ba ta taka komai ba sai kafet. Ta sauke takunkumi tunda ba kowa kusa, ta ɗaure leshin a ƙugu, ta sunkuya. Sunan abin ya ƙi zama a bakinta, sai ta raɗa masa nata: ɗan ja mai ƙuraje. Tana tsinka tana cire ciyawa, wai ba za ta iya wuce ta tana gani ba. Can sai na ga ta goge guda a gefen mayafi ta jefa a baki.

"Inna," in ji Yaya, yana nuna wani allo. "An rubuta ba a ci sai an auna."

"Wa ya rubuta?"

"Mai gonar."

"Ƙawata? Ba ta ce mini ba." Ta sake jefa wata. "A garinmu, Auwalu, abin da mutum ya ci a cikin gona rabonsa ne. Ka ga mangwaro ka sha, ka ga rake ka karya, ba mai ce maka ɓarawo. Wanda ya ƙunsa ya fita da shi, shi ne ya yi sata. Nan kuma ka ce a cika kwando a fita da shi, amma a sa a baki laifi ne?"

"Ga kuma suga, Inna."

"Sugan ya san ina nan, ni ma na san yana nan." Ta ɗaga murya ta tsallaken layi. "Safiyya, ci abinki."

Hausar Safiyya ba ta taka kara ta karya ba, amma wannan ta ji ta sarai.

Muna cikin haka aka kwaɗo mana sallama daga can wani layi: "Sannunku da aiki, mutanen gida." Wata mata ce da 'ya'yanta biyu, Madam Rifkatu, 'yar Pankshin, ma'aikaciyar jinya a Birmingham. Ta ce tun ɗazu take jin Hausa tana zaton kunnenta ne. Ta gaida Inna da Mama, ta ce ai a Filato ma ana noma abin nan. Inna ta ce to me ya kawo mu nan muna biya? Hira ta ɓarke ana ɗaga murya kamar masu magana ta kan katanga, Turawan da ke kusa suna ta murmushi ba su san me ake cewa ba.

Duk wannan lokacin Baffa yana barci a kekensa a bakin layi. Da muka yi nisa sai na koma in turo shi. An yi ruwa kafin ranar, ƙasan karan duk laka ce, ban yi taku nawa ba tayoyin suka cushe suka ƙi juyawa. Na ja, na tura, Baban Safiyya ya zo ya ɗaga gaba, keken ya karkace, yaro ya farka da tsala kuka. Na ba shi nono ya ƙi, na saɓa shi a kafaɗa ya ƙi, ubansa ya karɓa ya yi irin jijjigar da ya iya, kuka sai ƙaruwa yake har fuskarsa ta yi ja. Duk gonar ta juyo tana kallonmu.

Ban ga lokacin da Inna ta ajiye kwando ba. Na dai ɗago na gan ta ta tsallako cikin layin nan da aka ce a bari ba kowa, hannuwanta biyu a miƙe.

"Inna," in ji Yaya.

Wallahi saura kaɗan in miƙa mata shi. Abin da ta baro gida dominsa ke nan, ga shi taku biyu tsakaninsu, kuma ban san ko za ta sake samun wata damar ba. Na dubi Baban Safiyya. Bai ce a'a ba, amma na ga fuskar da yake shigowa da ita gida ranar da aka rasa wani a ɗakinsu na asibiti. Inna ma ta gani. Ta tsaya a wurin, yaro yana kuka, hannuwanta a sama. Sannan ta sauke su a hankali, ta ja da baya ta koma layinta.

Ta zuge baƙar jakar nan da ta ƙi bari a mota. Ta fito da wani tsohon zanin atamfa da ya yi laushi don wanki, da majanyin saƙi mai baƙi da fari. Na gane majanyin, da shi ta goye mu duka, daga Yaya har ni. Ashe tun daga Gwarzo ta taho da su, kuma ta sako su a jaka ran nan ko Allah zai sa. Ta dunƙule su ta jefo, suka faɗa kan shuka, zanin ya kwashi jan tabo.

"Goya shi," ta ce.

"Inna, ban iya ba." Gaskiya ce. Ni ce auta, ban yi ƙani ba balle in goya, Safiyya kuma a keke ta girma.

"Yau za ki iya. Sunkuya. Ba ruku'u na ce ki yi ba, sassauta gwiwa." Ta kau da kai gefe kamar mai magana da iska. "A ce wa likita ya ɗora mata shi a baya."

Likita yana tsaye yana ji, ya ɗora. Na ji yaro yana zillo.

"Maƙale hannayensa a hammatarki. Yawwa. Yafa zanin ya kai masa wuya, soke ta sama. Matse, ba zai fashe ba. Tattaro na ƙasa ki tallabe shi, ƙafafu su fito. Ba haka ba, kin mai da shi kamar ƙunshin goro. Kwance ki sake."

Sai da na sake har sau nawa ban sani ba, gumi yana karyo mini, Madam Rifkatu tana taya ni da "saura kaɗan" daga nesa. Da aka zo ɗaura majanyi Inna ta ce in ja har sai na ji numfashina ya ɗan tsaya. Na ja, na ƙulle, na miƙe.

"To, jijjiga. Ki riƙa tafiya kina bubbuga shi."

Na fara tafiya. Kukan ya koma shessheƙa, shessheƙar ta koma ajiyar zuciya, sai na ji kansa ya kwanta a tsakiyar bayana da ɗumi. Murna ta kama ni har na so in yi guɗa. Na juya in nuna wa Inna, sai na ga tana tafiya daidai da ni a nata layin, tana rausaya irin ta mai goyo, hannunta a baya tana bubbuga bayanta da ba kowa. Ba ta san tana yi ba. Madam Rifkatu ce ta ɗauki hoton a lokacin ta turo mini. Wanda kuka gani rabinsa ne, ɗaya rabin na bar wa kaina.

Da Baffa a baya na cika kwando biyu, hannuwana duka a sake, ina jin kaina wata babbar mace. Masaukinmu gindin wata bishiya ne a gefen gona, tabarma biyu nesa da juna. Bayan mun yi salla, Yaya ya riƙa ajiye abinci a tsakiya yana komawa, sannan mu je mu ɗauka, kamar masu musayar fursuna. Akwai dambun nama, akwai ƙafar saniya da ta sha yajin jego, sai wani babban filas. Na buɗe, kunun kanwa ne.

"Inna, jegon ai ya wuce."

"A wurinki ya wuce. Shanye."

Na shanye tana kallo, ga zafin rana ga zafin yaji, hawaye da majina, ita kuwa sai murmushi take. Ban taɓa jin daɗin kunu kamar na ran nan ba.

A wurin awo ne muka gane ɓarnar da muka yi. Kwandunan Inna kaɗai sun ishi unguwa, Yaya ya biya yana kallon sama. Mai gonar ta dubi Safiyya, baki da kumatu da riga duk ja, ta ce da ta sani da ta auna yarinyar nan tun a shiga. Yaya ya fassara wannan duka ba ƙwauro. Inna ta ce a gaya mata ita ta ba da izini, ta ajiye mata ɗan kwanon dambun nama a kan tebur, wai goron gaisuwa. Matar kuma ta zagaya ta leƙa goyona, ta ce ba ta taɓa ganin jariri ya yi barci irin wannan ba.

A bakin motoci na kwance Baffa na sa shi a kujerarsa. Na ninke zanin da majanyin na rungume, don na ɗauka nawa ne.

"Majanyin naki ne," in ji Inna. "Zanin kuwa ba ni kayana."

Raina ya ɗan sosu. Na ce a zuciyata, tsohon zani mai tabo, shi ne za a yi mini rowarsa? Na ajiye shi a kan bonet ɗin mota na ja baya. Yaya ya ɗauka da leda ya ƙulle bakin, ya ce sai ya yi 'yan kwanaki kafin a taɓa, ko kuma a jefa shi a injin wanki yau ɗin nan.

"Kada wanda ya wanke mini," ta ce da sauri. Ta sake kau da kai gefe. "A tambayi likita, in an ɗaure ledar sosai, ƙamshi yana fita?"

Baban Safiyya ya dubi ledar. Sannan ya ce, kai a ƙasa, "Ba ya fita, Inna."

Ta sa ledar a jaka ta zuge. Ta yi mana addu'a mai tsawo, ta ce wa Baffa ta cikin gilashi ya shirya sadaki kafin ta dawo, suka shiga mota. A hanyar komawa motarmu ƙamshin sitiroberi kawai take, Safiyya ta yi barci da guda a hannu, Baban Safiyya kuma ya bi duk abin da na'ura ta ce. Sati guda muna rabon ɗan ja mai ƙuraje a ƙofofin maƙwabta, mu ajiye mu danna ƙararrawa mu ja baya. Masu tambaya ko ya cancanci zuwa, ku je, ku sa takalmin roba, ku bar keken jariri a gida.

Inna ta sauka lafiya. Ba ta buɗe ledar a Aston ba, sai da ta isa ɗakinta a Gwarzo. Da ta kira ni ina jin hayaniyar mata 'yan barka da sauka a tsakar gida.

"Auta, na buɗe. Yana nan."

"Me ke nan, Inna?"

"Ƙamshinsa. Har da ɗan tsamin nono." Na ji ta shaƙi zanin. "Matan nan sai tambayata suke, yaya yaron, yana da nauyi? Na ce nauyinsa dai ban sani ba, sai a tambayi uwarsa. Amma in ƙamshinsa ne, ku zo ku ji."